Yarinya Mai Koyon Aikin Lauya A Ingila

 Kwanan baya wata yarinya a ajina ta ce mini lauya ta ke so ta zama, don ta sa baƙar riga da hular gashi ta tsaya gaban alƙali. Na ce madalla, amma bari mu ji abin da ke gabanta tukuna. Shi ya sa yau zan ba ku labarin yadda a ke koyon aikin nan a Ingila, inda mu ka gaji yawancin tsarin lauyoyinmu.

A can lauyoyi iri biyu ne. Akwai barista, watau mai hular gashin nan, wanda yawancin aikinsa a kotu ne. Akwai kuma solisita, wanda jama'a su ke zuwa ofishinsa da damuwarsu, kamar cinikin gida, da wasiyya, da rabuwar aure. Da can ba a yarda mace ta yi wannan aiki ba. A 1913 wata mai suna Gwyneth Bebb ta kai ƙara, kotu ta ce wai kalmar mutum da ke cikin dokar lauyoyi ba ta haɗa da mace ba. Ku ji fa! Sai a 1919 aka sāke doka, a 1922 kuwa Carrie Morrison ta zama solisita mace ta fari. Yau mata sun fi maza yawa a aikin.

To, yarinyar da ta gama jami'a ba ta zama lauya ba tukuna. Sai ta yi shekara 2 tana aiki a hannun manya, ga kuma babbar jarrabawa da aka fara a 2021. Yawancin ofisoshi su kan raba mata shekarun nan kashi huɗu, wata 6 a kowane sashe. Da ta fara sabawa da cinikin gidaje, sai a ce ta tattara ta koma sashen wasiyya, ta sake zama baƙuwa.

Waɗansu su kan nufi manyan ofisoshin Landan, inda albashi ya fi tsoka. Amma ni hankalina ya fi kwanciya da wadda ta je gari kamar Lids ko Biristol, ko wanda bai kai su ba. A can ma'aikata ba su da yawa, saboda haka tun da wuri a ke sa ta zauna da mutane ido da ido. Yau manomi ne da maganar hayar gona, gobe bazawara ce tana kuka don ba ta san inda mijinta ya ajiye takardun gida ba. Abin da ta ji kuwa amana ne, ko uwarta ba za ta gaya wa ba, ko da ta gamu da mai maganar a kasuwa da maraice.

Aikin na kula ne ƙwarai. Ga misali, a dokar Ingila ta 1837 wasiyya ba ta tabbata sai mai ita ya sa hannu a gaban shaidu biyu, suna tare a lokaci guda. In ɗaya cikin shaidun yana da rabo a wasiyyar, ko matarsa, to, rabon nan ya faɗi. Ku duba yarinyar da aka aika asibiti da takarda wurin tsoho mai jin jiki. In ta yi garaje ta kira 'yarsa da ke zaune gefen gado ta yi shaida, ta hana ta abin da ubanta ya bar mata ke nan, ba kuwa za a gane ba sai bayan ya rasu.

Lokacinta ma a ƙidaye ya ke. A ofisoshi da yawa a kan raba awa kashi goma, minti 6 kowane, ta rubuta abin da ta yi a ciki, domin da shi a ke lissafin kuɗin mai ƙara. Wasiƙar da ta rubuta kuwa babba zai duba, ya mayar mata ta gyara, wani lokaci har sau uku. Mu malamai mun san zafin wannan tun muna koyon koyarwa.

A Nijeriya ba a raba aikin biyu ba, lauya ɗaya shi ne barista shi ne solisita. Makarantar Lauyoyi, wadda aka buɗe a Ikko a 1963, tana da reshe a Bagauda ta Kano, kuma ta kan tura ɗalibai kotuna da ofisoshi su ga aiki. Na gaya wa yarinyar nan hular gashi za ta samu in Allah ya so, amma ta fara da gyara rubutunta, gama har yanzu tana mantuwa da sa kwanan wata a kan aikinta.