Masu Ceto Kaya Daga Mataccen Had-dis

Ƙas, ƙas, ƙas. Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a, da ya kara kunne a jikin had-dis ya ji wannan ƙara, zare wuta zai fara yi. Ba ya sake kunnawa don a ga ko zai tashi. Wannan gwaje-gwajen na mai kaya shi ke kashe aiki da yawa tun kafin ya iso teburin gwani.

Dalilin yana cikin ɗan akwatin. Faya-fayai ne na alminiyam ko gilashi, an shafe su da sinadarin maganaɗisu, suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Allurar da ke karanta su ba ta taɓa su. Iskar juyawar ce ke ɗaga ta, tazarar kuwa silin gashi ya fi ta kauri sau dubbai. In kwamfuta ta faɗi tana aiki, allura ta daki faifai, to kowane zagaye kankare rubutu take yi, kuma abin da ya zama gari ya tafi ke nan.

Ba kowane ciwo ne ke kai wa nan ba. Wanda ya goge fayil bisa kuskure, sau da yawa kayansa na nan daram, sunan kawai aka cire daga rajista, sai an rubuta wani abu a gurbin yake ɓacewa. Wanda wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona masa allon ƙasa, abin da muka saba gani, ana nemo irinsa, amma sai an ciro ɗan guntun ROM na tsohon an liƙa a sabon, don a ciki aka adana saitin wannan faifan shi kaɗai.

Inda ake gane hannu shi ne canjin allura. Sai an samo wani lafiyayyen had-dis, kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, a sadaukar da shi. Ana buɗewa ne a teburin da ke tace iska, da safar hannu, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar allura girma nesa ba kusa ba. Ka tuna yadda hazon hunturu ke shiga har cikin akwatin tufafi, za ka san me ya sa raina ke ɓaci in na ga an kwance murfi a bakin titi. Mai aikin yakan zura ɗan matsefi tsakanin alluran don kada su manne da juna, ya zare su a hankali yana riƙe numfashi.

Ko ya tashi ma, gwani ba ya rububin buɗe hotuna. Kwafe faifan gaba ɗaya yake fara yi zuwa wani sabo, da na'ura irin PC-3000 ta kamfanin ACE Lab na Rasha, ko manhajar ddrescue ta kyauta, wadda ke kwashe wurare masu lafiya tukuna, sannan ta dawo tana lallaɓa masu rauni. Wani aikin yini ne, wani makonni. Kuma akwai amana: hotunan iyali, lissafin shago, kundin digirin ɗalibi, duk ta gabansa suke wucewa.

Ko had-dis da ya ƙone ma ana iya ceto kayansa. Da kumbon Columbia na Amurka ya tarwatse a sama a 2003, an tsinci wani had-dis na Seagate da ke cikinsa a jihar Texas, ya babbake. Injiniyoyin kamfanin Kroll Ontrack suka ciro faya-fayan, suka wanke, suka dasa su a wani jiki, suka ceto kashi 99 cikin 100 na abin da ke ciki. Da waɗannan bayanai aka kammala binciken da aka yi a kumbon kan iskar zenon, aka wallafa sakamakon a 2008.