Gadarif: Ga tafki a kusa, ga ƙishirwa a gari

A ƙasashen Turai da Amurka, da zarar sanyi ya ja baya ciyayi sun fara tohowa a watannin Afrilu da Mayu, sai ka ga jama'a sun ɗaura kaya sun nufi yankunan tafkuna domin shan iska, suna bi gona-gona suna ɗanɗana giyar inabi da sauran abubuwan sha da mutanen wurin ke haɗawa. A wannan makon filin namu zai leƙa jihar Gadarif da ke gabashin Sudan, wadda ita ma Allah Ya ba ta tafki da abubuwan sha nata na kanta, sai dai labarinta ya sha bamban.

Abu na farko da za mu gaya wa mai karatu shi ne, kada ya kuskura ya ɗauki lissafin Turawa. Watannin da suke fita yawo su ne bazararmu, kuma bazarar Gadarif ba ta da sauƙi, domin zafi kan wuce digiri 40. Damina kuma, daga Yuni zuwa Satumba, baƙar ƙasar yankin kan zama taɓo mai riƙe mota, wanda ya sauka daga kwalta sai ya nemi tarakta. Lokacin zuwa shi ne kaka, daga Oktoba zuwa farkon hunturu, sa'ad da ake yankan riɗi, dawa kuma ta sunkuyar da kai.

Garin Gadarif, wanda a da ake kira Suƙ Abu Sin, yana da nisan kimanin kilomita 400 daga Khartum. Nan ne rumbun Sudan. Tun a tsakiyar shekarun 1940 aka fara noman tarakta da ruwan sama a yankin, kuma kasuwar amfanin gonarsa ta yi suna wajen riɗi da dawa da ƙaro. Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Kakanninmu da suka bi hanyar Makka a ƙasa, da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, da yawansu sun yada zango a wannan yanki, suka kama noma da lambu da su a bakin koguna, jikokinsu kuma 'yan ƙasa ne a yau masu jin Hausa da Larabci.

Shi tafkin kuwa ɗan bana-bakwai ne. Koguna biyu ne ke gangarowa daga tsaunukan Habasha, wato Atbara da Sitit (wanda Habashawa ke kira Tekeze), su haɗu kusa da garin Shuwak. A 2011 aka fara gina madatsu biyu a jere, Rumela a kan Atbara, Burdana a kan Sitit, kamfanonin ƙasar Sin suka yi aikin, aka kuma buɗe a 2017 da injinan da za su iya ba da megawat 320 na lantarki. Ruwan da ya taru a bayansu ya haɗe ya zama tafki ɗaya. Ɗaya daga cikin dalilan ginin shi ne tallafa wa tsohon dam ɗin Khashm al-Girba na 1964 da ke can ƙasa, wanda laka ta cinye masa ciki. Ruwan ya shanye ƙauyuka da gonaki, aka kwashe dubban mutane zuwa sababbin matsugunai waɗanda lamba aka ba su maimakon suna. Ɗaya daga ciki, Ƙauye na 8, shi ne ya zama masaukin 'yan gudun hijirar Tigray da suka tsallako a Nuwamban 2020.

To me baƙo zai sha idan ya iso? Giya dai babu ita a shago. A Satumban 1983 Shugaba Ja'afar Numeiri ya haramta ta, har aka tuttular da kwalabe a kogin Nilu a Khartum, kamfanin giyar ƙasar ya rufe. A 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta sassauta wa waɗanda ba Musulmi ba, amma wannan bai mai da Gadarif garin mashaya ba. Ba za mu ɓoye ba, akwai marisa, 'yar'uwar burukutu da ake yi da dawa, akwai kuma aragi da ake tatsa daga dabino, kuma shekara da shekaru matan da talauci ya tura wannan sana'a su ne suka sha bulala da tara, masu sha kuwa galibi su sulale.

Abin shan da ya cancanci a yi tattaki dominsa shi ne hilu-mur, ma'ana mai zaƙi da ɗaci, wanda Basudane ba ya buɗa baki da azumi sai da shi. Aikinsa ba na kwana ɗaya ba ne. Za a jiƙa dawa a shimfiɗa ta a lulluɓe, ana yayyafa ruwa har ta yi tsiro, sannan a shanya ta a niƙa. Sai a tuƙa wani garin dawar daban, a zuba garin tsiron a kai, nan da nan ƙullun ya saki ya yi zaƙi. Daga nan a zuba citta da kirfa da hulba da habbatus sauda da tsamiya da zoborodo, kowace uwargida da nata ma'auni, a rufe a bar shi ya kwana biyu ya yi tsami. Wanda ya san yadda ake burukutu zai lura cewa har zuwa nan hanyar kusan ɗaya ce. Inda suka rabu shi ne wuta. Mata kan taru tun cikin Rajab da Sha'aban, yau a gidan wannan gobe a gidan waccan, su ɗora faifan ƙarfe a kan itace, su riƙa shafa ƙullun siriri suna gasawa har ya yi ja-ja baƙi-baƙi, su naɗe shi kamar tabarma. Wannan taro shi suke kira awasa, kuma ƙamshinsa shi ke shaida wa unguwa azumi ya ƙarato. Busasshen yakan yi watanni bai lalace ba. In za a sha sai a jiƙa, a tace, a sa sukari. A 'yan shekarun nan da azumi ke kamawa tsakanin Fabrairu da Maris, wanda ya je a hunturu zai tarar da aikin ana yi.

Sauran duk mun san su, suna ne kawai ya canza: karkade shi ne zoborodo, aradib tsamiya, gongolez kuma garin 'ya'yan kuka. Da Babbar Sallah akwai sharbot na dabino, wanda masu tsoron Allah ba sa bari ya daɗe a tulu. Sai jabana, gahawa da citta a 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya, wadda mutanen gabas ba sa gaggawa a kanta.

Sai dai duk waɗannan da ruwa ake haɗa su, ruwa kuwa shi ne ciwon Gadarif. Garin yana zaune ne nesa da kogi, ya dogara da bututun da ke zuwa daga Shuwak da rijiyoyi da tafkunan haƙa, kuma da bazara amalanken jaki mai ɗauke da duro shi ne famfon unguwanni da dama. An ƙaddamar da aikin jawo ruwa daga sabon tafkin, aka ma raɗa masa suna maganin matsalar daga tushe, amma har yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 ba a kammala ba. Yaƙin ya koro dubban ɗaruruwan mutane daga Khartum, sannan daga Wad Madani a Disamban 2023, sannan daga Sinja a tsakiyar 2024, suka cika makarantu da gidajen 'yan'uwa. A Satumban 2023 aka ayyana ɓarkewar kwalara a jihar, ta kuma sake dawowa a daminar 2024. A ganinmu, gari da ke ciyar da ƙasa, ga tafki bai kai kilomita 100 da shi ba, bai kamata matansa su sayi ruwan jiƙa hilu-mur a duro ba.

Ga mai niyyar zuwa, ya sani madatsar wuri ne da jami'an tsaro ke gadi, ba a shiga ko ɗaukar hoto sai da izini. Gabas da tafkin kuma yankin Fashaga ne, wanda Sudan da Habasha suka daɗe suna jayayya a kansa, har aka yi arangama daga ƙarshen 2020. Sojojin gwamnati sun karɓe Wad Madani a Janairun 2025 da Khartum a Maris na shekarar, amma kafin mutum ya kama hanya gara ya tuntuɓi 'yan'uwa da ke can su gaya masa halin da hanyar take ciki a wannan makon.