Jarumin Da Ba Ya Magana, Da Wanda Aka Tilasta Maka Ka Zama

Duk wanda ya taɓa zama kusa da yaro yana buga wasan bidiyo, lalle ya ji shi yana cewa "an kashe ni", ko kuwa "na faɗa rami", alhali ga shi nan zaune lafiya lau, ɗan hoton da ke cikin allo ne ya mutu. Mai kallon sinima ba ya faɗin haka, kome son da yake yi wa jarumin. To, wannan "ni" ɗin ita ce masu ƙirar wasanni suka daɗe suna farauta, kuma a kanta suke zuba dukiya.

Dabarar da suka fara ganowa ita ce su rufe wa jarumi baki. Cikin shekarar 1986 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da The Legend of Zelda, wanda Shigeru Miyamoto ya shugabanci ƙirarsa. Jarumin, watau Link, shiru yake, har ma an bar wa mai wasa ya raɗa masa sunan da ya ga dama. Hikimar kuwa ita ce, in jarumi ya yi shiru, mai wasa ne zai cika gurbin da nasa tunani. Kamfanin Valve na Amurka ya ƙara gaba a 1998 da Half-Life. Gordon Freeman, masanin kimiyya, ba ya furta ko kalma ɗaya, kuma ba a tsai da wasan don a nuno maka shi daga nesa. Da idonsa kake ganin kome tun daga farko har ƙarshe, masu gadi da abokan aikinsa suna dubanka ido da ido suna yi maka magana.

Amma fa akwai wata hanya, wadda ta fi wannan haɗari. A 2013 kamfanin Naughty Dog ya fitar da The Last of Us, inda jarumin, Joel, yake da murya da hali da tarihi nasa na kansa: uba ne da ya rasa 'yarsa, aka ɗora masa rakiyar wata yarinya, Ellie, a cikin Amurkar da annoba ta ɗaiɗaita. A ƙarshe ya kashe likitan da ke shirin yi wa yarinyar aikin da zai ci ranta domin a samo magani. Ba a ba mai wasa zaɓi ba, da hannunsa zai aikata. Jama'a da dama suka aikata, suka kuma ga daidai ne, domin sun riga sun zama Joel.

Da kashi na biyu ya fito ranar 19 ga Yuni, 2020, sai aka nemi su biya bashin. Abby, 'yar likitan nan, ta kashe Joel tun wasan bai yi nisa ba, sa'an nan aka miƙa wa mai wasa ita, ya yi ta tafiyar da ita kusan rabin labarin, ya san ƙawayenta da tsoronta da dalilinta. A ganinmu wannan jarumtaka ce daga shugaban ƙirar, Neil Druckmann, ko da yake ba kowa ne zai iya haɗiye ta ba. Wanda aka kashe wa uba ba a cewa ya sa rigar mai kisan ya ji daɗi.

An sayar da fiye da kwafi miliyan 4 cikin kwana 3. Fushi kuma ya tashi, har wasu suka kasa bambanta hoto da mutum, suka riƙa aika wa Laura Bailey, matar da ta yi muryar Abby, saƙonnin barazanar kisa, ita da iyalinta, abin da ba shi da uzuri ko kaɗan. A watan Disamba na wannan shekara ita ce ta karɓi kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin The Game Awards, wasan kuma ya zama zakaran shekara.