Bashin Kuɗin Unguwa da Rufin Asiri a Amurka

A unguwanni da yawa na Amurka, duk wanda ya sayi gida ya shiga ƙungiyar masu gidajen unguwar ke nan, ko ya so ko bai so ba, domin sharaɗin yana cikin takardun mallakar gidan. Ƙungiyar ce ke kula da hanyoyin cikin unguwa da fitilu da lambuna. Kowane mai gida yana da kason da zai biya duk wata ko duk shekara, kuma shugabannin da ke karɓar kuɗin maƙwabtansa ne da aka zaɓa.

Idan mutum ya daina biya, sai a ɗora masa tara da kuɗin lauya, sannan a yi rajistar bashin a kan gidansa a ofishin gunduma. In abin ya yi tsanani, ƙungiya tana iya sa a yi gwanjon gidan. A shekarar 2001, a yankin Houston na jihar Teksas, an sayar da gidan wata tsohuwa mai shekara 82 a kan dala 5,000, saboda bashin da bai kai dala 1,000 ba, alhali gidan ya kai kimanin dala 150,000. Daga baya ta samu gidanta, amma sai da aka kai ruwa rana. A Kalifoniya kuwa, tun daga 2006 doka ta hana gwanjon gida sai bashin ya kai dala 1,800 ko ya haura wata 12.

Inda gizo ke saƙar shi ne: wa ya kamata ya san sunan wanda ake bi bashi? Masu biya suna cewa kuɗin na kowa ne, giɓin da wani ya bari su za su cike, don haka suna da haƙƙin sani. Wasu shugabanni har sukan so su manna sunayen a allon sanarwa, don kunya ta sa a biya. Shi kuwa mai bashin, wataƙila aiki ya rasa ko jinya yake yi, kuma ƴaƴansa suna wasa da ƴaƴan masu karanta allon. Abin da Bahaushe ke kira rufin asiri shi ne ake jayayya a kansa.

Dokar tarayya ta 1977 ta hana masu sana'ar karɓar bashi wallafa sunayen waɗanda suke bi. Sai dai galibi dokar ba ta hawa kan ƙungiyar da ke bin bashinta da kanta, saboda haka kowace jiha da nata tsarin. Na Kalifoniya ya cancanci a duba shi. A can, shugabanni suna yanke shawarar gwanjo ne a zaman sirri, kuma a bayanin taron da sauran masu gidaje za su karanta, lambar fili ake rubutawa maimakon sunan mai gida. Ta haka kowa ya san an ɗauki mataki, ba tare da an kira sunan kowa ba.

Wannan kariya tana da iyaka. A ƙaramar unguwa gane mai fili daga lambarsa ba wuya, kuma rajistar da aka yi a ofishin gunduma, wadda ke ɗauke da sunan mai gida, kowa yana iya zuwa ya duba ta.