RADV

RADV direba ne na kwamfuta, wato manhajar da ke tsakanin wasan bidiyo da katin hoto, wadda ke juya umarnin wasan zuwa abin da katin zai iya zanawa. An rubuta shi ne domin katunan kamfanin AMD a kan tsarin Linux, bisa ƙa'idar Vulkan. Yana cikin tarin direbobin Mesa, kuma tushensa a buɗe yake: kowa na iya dubawa, ya gyara, ya rarraba kyauta.

Tarihi

David Airlie na kamfanin Red Hat da Bas Nieuwenhuizen ne suka fara shi a shekarar 2016. Daga baya kamfanin Valve na Amurka, mai kasuwar wasanni ta Steam, ya shiga biyan masu aiki a kansa. A 2019 Valve ya gabatar da ACO, wani ɓangare da ya rage sarƙewar hoto a tsakiyar wasa. A 2025 AMD ya dakatar da nasa direban, AMDVLK, ya koma goyon bayan RADV.

Dalilin zuba kuɗi

Valve ba ya sayar da direban. Ribarsa tana zuwa ne daga wasanni, inda yake karɓar kashi 30 cikin 100 na yawancin cinikin Steam. Mafi yawan masu sayen suna amfani da Windows, mallakar Microsoft, wanda shi ma yana da kasuwar wasanninsa. Ingantaccen direba a Linux yana ba Valve mafita idan sharuɗɗan Windows suka canza.

Dalili na biyu shi ne saurin gyara. Idan sabon wasa ya ƙi tashi, injiniyoyin Valve suna iya gano matsalar su magance ta da kansu, ba sai sun jira mai ƙera katin ba. Wannan ya yi amfani ga Steam Deck, na'urar hannu da ta fito a 2022, wadda ke aiki da RADV.

Na uku, nauyin aikin a rabe yake, domin gyaran da wani kamfani ya biya kowa zai mora.

Ƙalubale

Rabon nan yana da tasa illar: abokan hamayya suna cin gajiyar aikin ba tare da sun biya ko sisi ba. Haka kuma, dogaro da kuɗin kamfanoni ƙalilan na nufin aikin zai iya ja baya idan ɗayansu ya janye.