Asarar da ba ta shiga takarda a Guri

Duk shekarar da kogin Haɗeja ya yi ambaliya, kamar a 2020 da 2022, ma'aunin asara ɗaya ne a Guri ta jihar Jigawa da maƙwabtanta na fadama: eka nawa ta shinkafa ruwa ya cinye, gidan wa ya rushe. Sunan da ke shiga takardar tallafi kuwa na maigida ne, don shi aka sani da gona. A ganina wannan lissafi ya bar mata a waje.

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina zuwa da janyewa yadda manoma suka saba. Ciyawar kachalla ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta kuma zama mafakar tsuntsun jan-baki. Ga damina da ke zubo ruwa kamar da bakin ƙwarya. Idan gonar namiji ta nutse, yana da sauran dabara: noman rani, su, ko cirani. Mace kuwa jarinta a cikin gida yake: shinkafar da ta saya za ta turara, kifin da take bandawa, awaki da kaji, zubin adashi. Ruwa na shiga, shinkafa ta lalace, itacen girki ya yi tsada, akuyarta ce za a fara kaiwa kasuwa don a sayo hatsi. Sauro ya yi yawa, jinyar yara ta hau kanta, sana'a ta tsaya.

Wani zai ce ai abin da aka ba maigida gidan duka aka ba. In abinci ne, gaskiya ne. Amma shari'a da al'ada duk sun raba dukiyar mace da ta mijinta, buhun taki ba zai mayar mata da akuyarta ba. Sannan ga matan da mazansu suka rasu, da waɗanda gonar gadonsu ke hannun 'yan'uwa maza: da sunan wa za a rubuta su? Masu cewa kulle ya hana a kai gare su su tuna da mata masu allurar rigakafi, waɗanda ke shiga gida-gida shekara da shekaru.

Don haka hukumar bunƙasa aikin gona ta JARDA da hukumar ba da agajin gaggawa ta Jigawa su ɗauki mata malaman gona, su riƙa kai wa mata hasashen damina na hukumar kula da yanayi ta NiMet har tsakar gida, a kuma buɗe wa asarar mace gurbinta a takarda, da sunanta.