BISHIYA A CIKIN KASKO: DABARAR DA ZA TA AMFANI 'YAN AREWA A KURMI

Duk wanda ya tashi a Kagarko ko Jere ya saba da inuwar ɗorawa da kaɗanya da mangwaro. Amma da zarar neman abinci ya kai shi Ikko ko Badun, sai ya sami kansa a ɗakin haya guda, ba shi da ko taku ɗaya na ƙasar da zai dasa itace. Mutanen Japan, waɗanda su ma ƙarancin fili ya dame su, suna da wata tsohuwar dabara da suka koyo daga ƙasar Sin, ana ce mata bonsai, wato rainon bishiya a cikin kasko yadda za ta tsufa ba ta wuce ƙafa biyu ko uku ba.

Itacen da ya fi suna a wannan sana'a shi ne junifa, wani itace na ƙasashen sanyi mai ganye kamar allura wanda ba ya kaɗewa. Wani gwani mai suna John Naka ya fara rainon junifa a 1948, ya yi ta ƙarawa har suka zama 11 a kasko ɗaya, kowanne a madadin jikansa guda. A 1984 ya ba da su kyauta, aka ajiye su a birnin Washington na Amurka.

Ga yadda ake yi. Ana samun kasko marar zurfi mai huji a gindi, a zuba ƙasa haɗe da tsakuwa da yashi don kada ruwa ya kwanta. Ana datse kan rassa a kai a kai, a naɗa musu waya a lanƙwasa su, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tilas a kwance wayar kafin ta ci ɓawo. Bayan shekara 2 ko 3 sai a tumɓuke itacen, a rage kamar sulusin saiwarsa, a sake masa ƙasa. Ba a ba shi ruwa sai saman ƙasar ya fara bushewa.

Sai dai junifa yana da wuyar sha'ani. Idan aka kulle shi a ɗaki mutuwa yake yi, kuma reshen da aka tsige wa ganye duka ba ya sake toho. Har ila yau yakan yi makonni da ɗanyen ganye bayan saiwarsa ta mutu, mai shi yana ta ban ruwa bai sani ba. Yawan ruwan sama da zafin Kurmi kuwa suna ruɓar masa da saiwa.

Saboda haka ya fi wa ɗan Arewa sauƙi ya gwada da itatuwan gida. Reshen cediya yana kamawa da an kafa shi. Tsamiya tana tsirowa daga ƙwallonta. Kuka ma tana yi, muddin an rage mata ruwa lokacin da ta zubar da ganye.

Yara da yawa an haife su a Agege da Sabon Badun, sun san miyar kuka da kunun tsamiya, amma ba su taɓa ganin itatuwan ba. Wanda ya je ganin gida bana, ƙwallon tsamiya biyu a aljihu sun ishe shi farawa.